RAHOTON MUSAMMAN: Matambayi ba ya ɓata: Yadda Kiristocin Najeriya ke auna maganar masu wa'azi

A farkon watan Oktoban 2024, Fasto Enoch Adeboye, Babban Jagoran Cocin Redeemed, ya tsaya gaban taron matasa a sansanin cocin da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, ya nemi gafara. Abin da ya janye shi ne maganar da ya yi a 2018, cewa duk wanda ba ya fitar da ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu, ba zai shiga Mulkin Sama ba. Ya ce kuskure ne, domin babu wannan magana a Littafi Mai Tsarki.

Dattijon, wanda yake da shekara 82 a lokacin, bai soke ushiri ba. Hasali ma cewa ya yi kashi goma cikin ɗari na masu farawa ne, ya kamata mai bi ya zarce haka. Duk da haka, furucin ya zagaya ƙasar cikin 'yan sa'o'i, saboda ba kasafai ake ganin jagoran da ke riƙe da coci tun 1981 ya fito ya ce nassi bai goyi bayan abin da ya koyar ba.

Shekara shida ke tsakanin maganar farko da janyewarta. A tsawon wannan lokaci, waɗanda suka ce ba su ga hujjar maganar ba sun sha suna iri-iri: 'yan tawaye, masu taurin kai, mayaƙan Shaiɗan. Mai gabatar da shirye-shiryen rediyo Ifedayo Olarinde, wanda aka fi sani da Daddy Freeze, ya sha tofin Allah-tsine daga kan mumbari tun 2017 saboda wannan batu. Fasto Abel Damina na Uyo shi ma ya daɗe yana cewa ushiri ba farilla ba ne a kan Kirista. Tambayar da lamarin ya bari a zukatan jama'a ta wuce batun kuɗi: shin mai bi yana da ikon auna abin da aka faɗa masa da sunan Allah, ko kuwa tambaya ita kanta zunubi ce?

Lissafin ƙarshen wata

Ga ma'aikacin gwamnati, wannan muhawara tana da farashi a naira. Mafi ƙarancin albashin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, ushirinsa kuwa Naira 7,000. Wanda ke tasowa daga Mararraba, Kubwa ko Suleja zuwa Sakatariyar Tarayya kowace safiya, tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, ya san kwana nawa wannan kuɗi zai kai shi ofis. Har yau ana gardama a ƙungiyoyin addu'a na ma'aikata kan ko daga ɗanyen albashi ake cirewa, ko bayan an zare haraji da fansho.

Masu kare ushiri suna da hujjojinsu. Suna kafa dalili da littafin Malakai sura 3, inda aka zargi Isra'ilawa da yi wa Allah ƙwange. Suna tuna cewa Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma tun kafin a saukar da Shari'ar Musa, kuma Yesu bai hana Farisiyawa bayarwa ba, ya dai tsawata musu kan watsi da adalci da jinƙai. Suna ƙarawa da cewa da wannan kuɗi ake biyan fastocin ƙauye, ake gina makarantu da asibitoci.

Masu tambaya kuwa suna buɗe Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka umarci mai ushiri ya ci kayansa da iyalinsa a gaban Ubangiji, sa'an nan duk shekara ta uku ya ajiye domin Lawiyawa, baƙi, marayu da gwauraye. Suna nuna cewa amfanin gona da dabbobi ake magana a kai, cikin tsarin haikalin da babu shi yanzu. Suna kuma kawo wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, inda ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da ya ƙudura a zuciyarsa, ba tare da tilas ba. Ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke riƙe da shi. Abin da Adeboye ya amsa shi ne cewa a kowane ɓangare mutum yake, ba a ɗaure ceton rai a jikin rasit ba.

Tambaya ba baƙuwa ba ce

Mutumin da aka fi tunawa idan ana zancen shakka shi ne Toma, almajirin da ya ce sai ya ga gurbin ƙusoshi kafin ya yarda Yesu ya tashi daga matattu. An saba ambatonsa da sigar zargi. Amma mai karanta Bisharar Yohanna sura 20 zai lura cewa Toma ya zauna cikin sauran almajirai har mako guda yana ɗauke da shakkarsa, babu wanda ya kore shi, kuma da Yesu ya bayyana, abin da ya nema ɗin aka miƙa masa.

Yahaya Mai Baftisma, yana kurkukun Hirudus, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira, ko a sa ido ga wani. Amsar da aka mayar masa ita ce 'yan aikensa su faɗi abin da suka gani suka ji, kuma a nan take Yesu ya yabe shi a gaban taro. A Ayyukan Manzanni sura 17, an fifita mutanen Biriya a kan na Tasalonika saboda kowace rana suna binciken nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Manzo ne ke wa'azi, amma masu sauraro suka je suka duba, kuma yabo suka samu.

Umarnin a gwada ya zo a wurare da dama. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su raina annabci, amma su jarraba kome su riƙe mai kyau. Wasiƙar Yohanna ta fari ta gargaɗi masu bi kada su gaskata kowane ruhu. Yesu da kansa ya ce za a gane annabawan ƙarya ta 'ya'yan da suke haifarwa, har ma ya ce wasu za su zo ranar ƙarshe da tarihin al'ajiban da suka yi da sunansa, ya ce bai san su ba.

Ayar da aka fi toshe bakin matambayi da ita tana Zabura 105, wadda ta hana taɓa shafaffun Allah. Masana nassi sun daɗe suna nuna cewa zancen a can na kāre Ibrahim da zuriyarsa ne daga cutarwar sarakunan ƙasashen da suka ratsa. Bai shafi tambayar malami hujja ba. Annabi Natan ya fuskanci Sarki Dawuda, shafaffe na gaske, kan matar Uriya. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ya kuma rubuta labarin a wasiƙarsa ga Galatiyawa domin kowa ya karanta.

Tarihin coci ma haka yake. Augustine, ɗan arewacin Afirka da aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya shafe kusan shekara tara yana bin ɗariƙar Mani. Duk lokacin da ya yi tambaya mai wuya, sai a ce masa ya jira zuwan babban malaminsu Faustus. Da malamin ya iso Carthage, sai Augustine ya tarar da mutum mai daɗin baki wanda ba shi da amsa. Daga nan ya fara ja da baya, tafiyar da ta kai shi ga zama ɗaya daga cikin manyan malaman Kiristanci. A 1517 kuma, batun sayar da takardun sassaucin horon zunubi ne ya sa Martin Luther ya rubuta ƙorafe-ƙorafensa 95 a Jamus. Cocin Lutheran da ke Numan da sauran majami'un Furotesta na Najeriya duk jikokin wannan tambaya ne.

Al'ajibi a kan sikeli

Babu inda aunawa ta fi zama dole kamar wajen da'awar warkarwa, domin a nan rai ake sawa a faifai. A 2004 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta hana gidajen talabijin nuna al'ajiban da ba a tabbatar da su ba. Masu shirye-shiryen suka koma tauraron ɗan'adam, daga baya kuma intanet ta buɗe musu ƙofar da babu mai gadi.

A Fabrairun 2019 bidiyon Fasto Alph Lukau na Afirka ta Kudu ya karaɗe duniya, inda aka ga wani mutum ya tashi zaune daga akwatin gawa. Kamfanonin jana'izar da aka yi amfani da kayansu suka ce yaudararsu aka yi, cocin kuma ya dawo ya ce mutumin da ransa aka kawo shi. A Satumbar 2024 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a kan ruwa da sabulun al'ajibi da ake dangantawa da cocin Annabi Jeremiah Fufeyin a Jihar Delta, ta ce ba ta yi musu rajista ba. Cocin ya yi jayayya da hukumar.

Lamari mafi nauyi shi ne na Cocin Synagogue da ke Ikotun a Legas. Ranar 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙinsa ya rufta, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. T.B. Joshua ya danganta abin da wani jirgin sama da ya ce ya yi ta shawagi a kan ginin. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta Jihar Legas ta yanke a Yulin 2015 cewa matsalar gini ce, kuma ba a samu izinin hukuma ba. Joshua bai bayyana gaban kotun ba har ta kammala zama. Ya rasu a Yunin 2021. A Janairun 2024 sashen binciken BBC ya fitar da shaidar tsofaffin almajiransa fiye da 25, waɗanda suka yi zargin fyaɗe, azabtarwa da shirya al'ajiban bogi. Cocin ya ce zarge-zargen ba su da tushe. Abin da ya fi yawa a bakin masu ba da shaidar shi ne cewa an koya musu ɗaukar duk wata shakka a matsayin aikin Iblis.

Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, inda tun daga Afrilun 2023 aka tono gawarwaki sama da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda masu gabatar da ƙara suka ce an umarce su da yin azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Akwai yara da yawa a cikinsu.

Auna al'ajibi ba ya nufin ƙaryata shi. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda miliyoyin Katolika ke zuwa ziyara, akwai ofishin likitoci tun 1883 wanda aikinsa shi ne tantance masu cewa sun warke. Sai an tabbatar cutar mai tsanani ce kuma likita ya gano ta tun farko, warakar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta ɗore shekaru, kuma babu maganin da zai iya zama sanadinta. Bayan nan wani kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa ya sake dubawa, sa'an nan bishop ya yanke hukunci. Daga cikin da'awa fiye da 7,000, kimanin 70 kacal cocin ya amince da su. Waɗanda suka kafa wannan tsari masu imani ne da al'ajibi, shi ya sa ba su yarda a haɗa shi da jabu ba.

Annabawa a ƙofar fada

Hadiman manya sun san wani nau'in baƙo da ke yawaita a falo idan zaɓe ko naɗin muƙamai ya ƙarato: mai saƙo daga Sama. Kowane daren 31 ga Disamba ana fitar da jerin annabce-annabce, jaridu su buga. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, kowanne daga cikin manyan 'yan takara uku ya samu wanda ya ce an nuna masa nasararsa. Wasu kuma suka ce ba za a yi zaɓen ba, ko ba za a rantsar da kowa ba. An yi zaɓe, an yi rantsuwa ranar 29 ga Mayu. Ba a ga layin masu neman gafara ba.

Dabarun kaucewa sanannu ne. Akwai annabcin da aka tsara shi yadda ba zai taɓa faɗuwa ba, kamar a ce wani babba zai rasu a bana. Akwai wanda idan ya auku a ce an faɗa, idan bai auku ba a ce addu'a ce ta kawar. Ma'aunin da Maimaitawar Shari'a sura 18 ta bayar mai sauƙi ne: idan mutum ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kuma kada a ji tsoronsa.

Akwai labari a Littafin Sarakuna na Fari sura 22 da ya dace da duk mai aiki kusa da mulki. Sarki Ahab na shirin yaƙi, annabawa kusan 400 suka tabbatar masa da nasara. Sarki Yehoshafat na Yahuza bai gamsu ba, ya tambaya ko akwai saura. Aka ce akwai Mikaiya, amma Ahab ba ya ƙaunarsa domin ba ya faɗa masa alheri. Jami'in da aka aika ya kira shi ya ba shi shawara a hanya cewa ya daidaita bakinsa da na sauran. Mikaiya ya faɗi abin da ya gani, aka mare shi, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi yaƙin bai dawo da rai ba. Hadimin da ke tace waɗanda za su ga maigida yana tsaye ne daidai inda wancan ɗan aike ya tsaya.

Iyakar hannun hukuma

Duk lokacin da abin kunya ya fito, akan ji kiran gwamnati ta sa baki. Tarihi ya nuna wuyar hakan. A Janairun 2017, ƙa'idar Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Ƙasa da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba wa'adin shekara 20 ta sa Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocinsa a Najeriya. Cikin kwana biyu gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da ƙa'idar, ta sauke shugaban hukumar, Jim Obazee. A 2020 sashe na 839 na sabuwar dokar kamfanoni, wanda ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ya gamu da turjiya daga Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN.

Ruwanda ta bi hanya mai tsauri: dokar 2018 ta wajabta wa masu wa'azi shaidar karatun tauhidi, an kuma rufe dubban wuraren ibada. Masu adawa da irin wannan mataki a Najeriya suna da dalili, domin hukumar da aka ba ikon rufe bakin maƙaryaci yau za ta iya rufe na mai faɗin gaskiya gobe. Hukuma tana iya duba ingancin gini, rajistar ruwan sha da laifin fyaɗe. Ba ta da sikelin auna wahayi. Wannan aiki a hannun masu zama a benci yake.

Shakkar da ta fi zurfi

Akwai tambayar da ba ta shafi fasto ko kuɗi ba. Iyalan waɗanda bam ya kashe a Cocin St. Theresa na Madalla ranar Kirsimetin 2011, da na waɗanda aka harbe a Cocin St. Francis na Owo a Yunin 2022, sun san ta: ina Allah yake a lokacin? Wa'azin da ke cewa mai bangaskiya ba ya ganin masifa ba shi da abin faɗa musu, sai dai ya ƙara musu nauyin zargin kai.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan kuka ba. Ayuba ya yi ta jayayya da Allah sura bayan sura, abokansa uku suna kare Allah da amsoshin da suka haddace. A ƙarshen littafin, abokan ne aka tsawata wa. Annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da ƙorafin cewa yana kuka ba a amsa masa, Zabura kuma cike take da irin wannan murya. Wasiƙun Mother Teresa ta Kalkata da aka wallafa a 2007 sun nuna ta shafe shekaru da dama tana jin kamar Allah ya yi nisa da ita, alhali tana ci gaba da hidimar marasa galihu. Cocin Katolika ya san da wasiƙun lokacin da ya ayyana ta waliyyiya a 2016.

Ba kowane matambayi ne ke ƙarewa a wuri ɗaya ba. Wasu sukan sauya coci, wasu su zauna inda suke da idanu a buɗe, wasu kuma su bar addinin gaba ɗaya. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da na addini, har da sauya shi. Sai dai abin da doka ta halatta, gida da ofis ba lallai su yafe ba. Ƙaramin ma'aikacin da maigidansa dattijo ne a cocinsu yakan auna takardar ƙarin girmansa kafin ya buɗe baki. Matar da ta tambayi inda kuɗin ginin coci ya shiga tana iya wayar gari an daina gaishe ta a zumuntar mata. Da yawa sukan zaɓi shiru, shirun kuma shi ne abincin mayaudari.

Littafi a hannun kowa

Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan ƙasar Jaba a kudancin Kaduna kuma tsohon Babban Sakataren ECWA, ya yi gargaɗi kafin rasuwarsa a 1975 cewa cocin Afirka na bunƙasa da yawan jama'a amma yana fama da ƙarancin jini ta fuskar ilimin tauhidi. Makarantu irin su Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya da ke Bukuru, wadda ta buɗe a 1959, an kafa su ne domin magance wannan ciwo. Amma a yau duk mai lasifika da ɗakin haya yana iya kiran kansa annabi, ba tare da majalisar da za ta tuhume shi ba.

Abin da ya rage wa mai bi shi ne tambayoyin da masu koyar da nassi suka saba nanatawa. Ayar da aka karanto, me ke gabanta, me ke bayanta? Wa aka yi wa maganar tun asali? Wa zai amfana idan aka gaskata? Annabcin bara ya cika? Wanda aka ce ya warke, ina takardar asibitinsa, kuma yaya jikinsa bayan wata shida? Akwai kwamitin da ke ganin asusun coci, ko mutum ɗaya ne da iyalinsa? Ma'aikacin da ba zai sa hannu a takardar biyan kuɗi ba sai ya ga hujja a fayil ya riga ya iya wannan aiki.

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, yanzu kuma yana cikin wayar kusan kowa, da harsuna da dama. Littafin Malakai sura huɗu ne kacal. Ana iya karance shi tsaf a cikin motar haya, tsakanin Nyanya da Sakatariya, tun kafin cunkoson safe ya saki.